Facin taya: Babban ƙalubalen masu doguwar tafiya a kan keke

Tun bayan da gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, mutane da dama a arewacin ƙasar suka koma ga kekunan da suka jingine shekara da shekaru.

Cikin 'yan kwanaki farashin litar mai ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan naira 500, kuma kafin ƙarshen shekarar 2024 ya haura naira 1,000 a garuruwa da yawa.

Wasu na hawa keken ne zuwa kasuwa ko wurin aiki. Wasu kuwa gona suke zuwa ko ƙauyukan da ke nesa da gari, yayin da 'yan ƙalilan ke ɗaura niyyar tafiya ta kwana da kwanaki daga wata jiha zuwa wata.

Dukkansu dai matsala guda suke fuskanta, wadda ta girmi kowannensu: sacewar taya.

A cikin gari abin bai taka kara ya karya ba. A unguwa irin Kamazou, wadda ke kudu da Kogin Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, mai keken da tayarsa ta sace ba zai tura shi da nisa ba zai tarar da mai faci a bakin titi.

To amma unguwar tana kan titin Yakowa ne, wanda ya haɗe da hanyar Kachia a kusa da matatar mai ta Kaduna. Da zarar matafiyi ya kama wannan hanya ya bar gari a baya, lissafin ya sauya.

Lissafin lokaci

Daga Kamazou zuwa Kachia tafiyar fiye da kilomita 100 ce, ta Kujama da Kasuwan Magani da Kufana da Idon.

Mai keke ɗauke da kaya yakan ci kimanin kilomita 15 a sa'a guda. Ke nan idan aka haɗa da hutu da salla da cin abinci, tafiyar za ta cinye kusan dukan hasken yini, wanda a wannan yanki bai wuce sa'o'i 12 da 'yan kai ba.

Wanda ya iya faci kuma yake da kayan aiki zai gyara tayarsa cikin minti 20 zuwa 30 ya ci gaba da tafiya.

Wanda bai iya ba sai dai ya tura keken, kuma mai tura keke ba ya wuce kilomita 4 zuwa 5 a sa'a. Idan garin da ke gabansa yana da nisan kilomita 15, to ya yi asarar sa'o'i uku ke nan ko fiye.

Wannan asara ba ta gajiya ba ce kawai. Ƙananan hukumomin Chikun da Kajuru na daga cikin yankunan da suka sha fama da masu satar mutane don neman kuɗin fansa, kuma a gefen wannan hanya ta Kachia ne 'yan bindiga suka sace ɗalibai fiye da 100 daga makarantar sakandare ta Bethel Baptist a ranar 5 ga watan Yulin 2021.

Saboda haka a irin waɗannan hanyoyi, tsinken ƙaya guda na iya raba tsakanin wanda ya isa masauki kafin magariba da wanda dare ya riska a daji.

Dalili ke nan da ya sa mai doguwar tafiya ba shi da zaɓi illa ya zama mai facin kansa.

Asalin matsalar

Kekunan farko ba sa yin faci, domin tayoyinsu na ƙarfe ne ko na daskararriyar roba wadda ba iska a cikinta. Sai dai suna jijjiga mahayi ƙwarai, musamman a kan hanya mai gargada.

A shekarar 1888 ne wani likitan dabbobi ɗan asalin Sikotlan mai suna John Boyd Dunlop, wanda ke zaune a birnin Belfast, ya yi rajistar tayar keke mai iska, bayan ya gwada ta a keken ɗansa. Daga baya aka gano cewa wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga shi yin rajistar irin wannan fasaha tun 1845.

Tayar mai iska ta kawo sauƙi da sauri, ta kuma zo da sabuwar fitina. Tayoyin farko manna su ake yi da ƙafar keken, ta yadda gyaran huji guda kan ɗauki sa'o'i.

'Yan'uwan nan biyu na ƙasar Faransa, André da Édouard Michelin, su ne suka fito da tayar da ake iya cirewa a mayar a shekarar 1891.

A cikin wannan shekara Charles Terront ya yi amfani da ita ya lashe tseren keke daga Paris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200, cikin sa'o'i 71 da 'yan mintuna, duk kuwa da cewa tayarsa ta sace a hanya.

Tun daga lokacin tsarin bai sauya sosai ba: taya a waje, tif a ciki, da bawul na shigar da iska.

Sunayen Dunlop da Michelin ba baƙi ba ne a Nijeriya, domin kamfanonin biyu sun yi shekaru suna ƙera tayoyin mota a ƙasar, kafin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Ikeja a 2008.

A yau akasarin tayoyi da tif na keke da ake samu a kasuwannin arewa daga ƙasashen Asiya ake shigo da su, kuma ingancinsu ya sha bamban ƙwarai.

Me ke sa taya ta sace?

Kuskuren da masu keke suka fi yi shi ne ɗauka cewa duk faci iri ɗaya ne. Alhali kuwa siffar hujin da wurin da yake a jikin tif su ne ke bayyana abin da ya haddasa shi, kuma wanda bai gano sanadin ba zai sake tsayawa bayan 'yan kilomitoci.

Na farko shi ne sukar wani abu daga waje, kamar ƙaya ko ƙusa ko fasasshiyar kwalba. Wannan yakan bar ɗan ƙaramin huji guda a bayan tif, wato ɓangaren da ke fuskantar ƙasa.

A manyan hanyoyi akwai wani abokin gaba da ido ba ya saurin gani. Tayoyin manyan motoci suna da siraran wayoyin ƙarfe a cikinsu, kuma idan tayar tirela ta fashe wayoyin kan tarwatse a gefen kwalta, daidai inda mai keke ke bi.

Na biyu shi ne matsewa. Idan iska ta yi ƙaranci kuma keken na ɗauke da kaya, da ya daki bakin rami ko dutse sai gargaren ƙarfe na ƙafar keken ya datse tif ɗin.

Alamarsa ita ce huji biyu dab da juna, kamar saran maciji. A nan ba a neman ƙaya, ƙarin iska ake bukata da rage gudu a wuraren ramuka.

Na uku yana fitowa ne daga ciki. Akan shimfiɗa wani ƙyalle ko roba a cikin gargare domin rufe kawunan wayoyin ƙafar keke. Idan ya tsufa ko ya goce, kan waya zai riƙa cin tif ɗin a hankali har ya ɓula shi ta ɓangaren ciki.

Na huɗu bawul ne. Tsofaffin kekuna samfurin Raleigh da Phoenix da Hero suna da bawul mai ɗan siririn bututun roba a cikinsa, wanda zafi kan busar har ya tsage. Sau da yawa mutum kan kwance taya yana neman huji, alhali wannan 'yar roba ce kawai ta mutu.

Ana gane hakan ta hanyar shafa ɗan yawu a bakin bawul ɗin. Idan ya yi kumfa, to matsalar tana nan.

Na biyar kuma mafi muni shi ne fashewa, wadda kan auku idan taya ta suɗe ko gefenta ya yage har tif ya leƙo waje.

Zafi yana da hannu a nan. Iskar da aka buga da asuba takan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100 idan zafin tayar ya tashi daga digiri 20 zuwa 50 a ma'aunin Salshiyos, abin da kan faru a kan kwalta a watannin Maris da Afrilu.

Lafiyayyar taya tana jure wannan. Tsohuwa mai tsage-tsage, ko tif mai tarin tsofaffin faci, shi ne ke gazawa.

Ƙasar ƙaya

Kowace hanya da irin haɗarinta. Wanda ya nufi kudancin Kaduna ya fi haɗuwa da ramuka da tsakuwa, musamman bayan damina.

Wanda kuwa ya nufi arewa, ta Zariya zuwa Kano ko Katsina ko Maraɗi, yana ƙara shiga ƙasar itatuwa masu ƙaya, irin su bagaruwa da aduwa da magarya da farar ƙaya.

Manoma na sare rassansu su yi shinge, makiyaya kuma na sassabo su domin dabbobi, don haka ƙayar kan zube a hanyoyin ƙauye da inda dabbobi ke tsallaka titi.

Sai dai babu wadda ta kai tsidau ɓarna. Wannan ciyawa tana yaɗo ne a ƙasa, 'ya'yanta kuma idan sun bushe sai su rabe gida biyar, kowane da ƙayoyi masu tauri, ta yadda da wuya ya faɗi ba tare da wani tsini na kallon sama ba.

A Amurka ma an san ta, har sunan da suke kiranta da shi yana nufin mai huda taya.

Abin mamaki shi ne yawancin ƙaya ba a kan tafiya ake kwasarta ba, a wurin hutu ne. Matafiyi ya hango inuwa, ya sauka daga kwalta, ya gangara da keken cikin ciyawa har gindin itace.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a ɗaga keken a ɗauke shi zuwa inuwar, sannan kafin a sake hawa a juya ƙafafun biyu a hankali a cire duk abin da ya maƙale. Ƙayar da ta shiga taya ba lallai ne ta kai ga tif nan take ba, nauyin mahayi ne ke ƙarasa tura ta.

Shiri kafin tashi

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shirin farko shi ne sanin girman tayar.

A gefen kowace taya akwai lambobi. Tsohon keke irin na gargajiya yawanci yana da taya mai inci 28, wadda faɗin gargarenta milimita 635 ne. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da yawansu suna da taya mai lamba 700C, wadda ita ma wasu ke kira inci 28, amma tata milimita 622 ce.

Bambancin milimita 13 ne kacal, amma tayar ɗaya ba ta hawa gargaren ɗaya. Keken hawan duwatsu mai inci 26 kuwa nasa milimita 559 ne.

Wannan yana da muhimmanci, domin mai gyaran keke na ƙauye yakan ajiye kayan irin keken da mutanen ƙauyen ke hawa ne. Wanda ya taho da keke mai baƙon girma, to ya taho da tif ɗinsa tun daga manyan kasuwannin Kaduna.

Haka batun bawul. Baya ga na tsofaffin kekuna, akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda injin kowane mai faci ke iya ba shi iska.

Akwai kuma siriri mai ɗan noti a kansa, wanda kekunan tsere ke zuwa da shi. Wannan ba ya shiga bakin injin masu faci sai da wani ɗan ƙaramin mahaɗi na ƙarfe, wanda bai kai girman ɗan yatsa ba, amma rashinsa na iya tsayar da tafiya.

Kayan da ya kamata matafiyi ya riƙe ba su da yawa. Akwai famfon hannu da aka gwada aka tabbatar ya dace da bawul ɗin, da tif sabo guda biyu, da liba biyu ko uku na ɓanɓare taya, da sifana daidai da notin ƙafafu.

Sai kuma faci na kanti manya da ƙanana, da ɗan guntun samfefa, da sholisho, da robar bawul, da yankin tsohuwar taya, da tocila.

Game da sholisho akwai abin lura. Da zarar an huda bakin mazubinsa yakan fara bushewa, musamman a lokacin zafi, don haka wanda aka buɗe watannin baya bai cancanci a dogara da shi ba. Ƙanana biyu da ba a buɗe ba sun fi babba guda.

Yana kuma kama wuta, tururinsa na da illa ga lafiya, kuma sanin kowa ne wasu matasa na shaƙarsa don maye. Ya fi dacewa a ajiye shi tare da sauran kayan faci, a kuma yi aiki da shi a fili.

Idan akwai taya sabuwa guda ɗaya tak, masu dogon zango sun san cewa ta baya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyi, ita ce ta fi saurin suɗewa, ita ce kuma ta fi yawan faci da wahalar kwancewa. Ta gaba kuwa ba a barin ta da tsaga, domin fashewarta a kan gudu na kayar da mahayi.

Adadin iskar da taya ke bukata a rubuce yake a gefenta. Kowace safiya kafin a hau, a matsa ta da babban yatsa, domin ko tif lafiyayye yana rage iska a hankali.

Yadda ake facin a bakin hanya

Abu na farko shi ne tsayawa nan take. Ci gaba da tuƙi a kan tayar da ta sace yana mayar da huji guda ya zama goma, yana kuma iya lanƙwasa gargare.

A kauce daga kwalta sosai, nesa da kwana, a wurin da direbobi za su hango mutum tun daga nesa.

Idan akwai tif sabo kuma ƙafar tana da sauƙin cirewa, sauya shi ya fi sauri. Sai a ajiye mai hujin a yi masa faci a masauki cikin natsuwa.

Amma ƙafar baya ta keken gargajiya, mai birkin sanda da murfin kaca, tana da wuyar kwancewa. Dabarar masu gyaran keke a nan ita ce a bar ƙafar a jikin keken, a ɓanɓare gefe guda na tayar, a zaro tif ɗin waje a yi masa aiki a nan inda yake.

Ana fara ɓanɓarewa ne daga ɓangaren da ke nesa da bawul. Ba a amfani da sukurdireba ko wuƙa, domin sukan ƙara wani hujin. Idan babu liba, mariƙin cokali mai kauri zai yi.

Mai faci na gari yana da bahon ruwa da yake tsoma tif ya ga inda kumfa ke fita. A daji ruwan sha ya fi ƙarfin wannan aiki.

Maimakon haka sai a buga wa tif ɗin iska sosai har ya kumbura, a riƙa zagaya shi kusa da kunne, ko kusa da leɓe, wanda ke jin ko da siririyar iska ce. Idan an yi zargin wuri, ɗigon ruwa ko yawu zai tabbatar.

Da an gano hujin sai a yi masa alama, sannan a zo ga matakin da aka fi mantawa da shi, wato neman abin da ya yi hujin.

A daidaita tif ɗin da tayar, a auna daga bawul zuwa hujin, a duba daidai wurin a cikin tayar. Daga nan a bi dukan cikinta da tsumma ko da yatsa a hankali, saboda waya da kwalba na yanka.

Wanda ya sa sabon tif a cikin tayar da ƙaya ke ciki ya yi aikin banza, ya kuma yi asarar tif.

Bayan haka a goge kewayen hujin da samfefa har sheƙin robar ya gushe, a wuri mai faɗin da ya ɗara facin. Idan babu samfefa, dutse mai kaushi na iya yin aikin.

A shafa sholisho kaɗan, shafa ɗaya mara kauri, sannan a jira kimanin minti biyar har ya daina sheƙi.

A nan ne gaggawa ke cutar da mutane. Sholisho ba ya kamawa yana ɗanye, sai ruwan da ke cikinsa ya tashi tukuna. Facin da aka ɗora a kan ɗanyen sholisho zai riƙe na ɗan lokaci, ya saki idan rana ta take.

A lokacin hunturu kuma a kare wurin daga ƙura, kada kuma yatsa ya taɓa fuskar facin da za ta manne.

A ɗora facin, a danne shi da ƙarfi daga tsakiya zuwa gefe na tsawon minti ɗaya ko biyu.

Wajen mayarwa, a ba tif ɗin iska kaɗan don ya yi siffa kada ya naɗe. A tura shi ciki, a mayar da bakin tayar da hannu, a kuma guji liba a ƙarshen aikin in da hali, domin a nan ne aka fi datse tif.

Kafin a cika iska a zagaya ƙafar ana matsa tayar, a tabbatar babu inda tif ya maƙale a ƙarƙashin bakinta. Idan ya maƙale, zai fashe da ƙara tun ba a hau ba.

Facin wuta da na sanyi

Masu facin bakin titi a Nijeriya sun saba da facin wuta, inda ake ɗora ɗanyar roba a kan hujin, a matse ta da ƙarfe mai zafi har ta gasu ta haɗe da tif ɗin.

Tushen wannan aiki shi ne binciken Charles Goodyear na Amurka, wanda ya yi rajistar hanyar gasa roba da farar wuta a shekarar 1844.

Facin wuta yana da ƙarko a tif ɗin mota da babur. Tif ɗin keke kuwa siriri ne, kuma idan wutar ta yi yawa gefen facin kan ƙone ya raunana.

Facin kanti yana yin kusan wannan aiki ba tare da wuta ba, domin fuskarsa ta ciki ɗanyar roba ce wadda sinadarin sholisho ke haɗawa da tif ɗin.

Facin da ake yankowa daga tsohon tif, kamar yadda masu gyaran keke suka saba, shi ma yana fitar da mutum kunya. Sai dai dole a goge shi da samfefa shi ma, a shafa sholisho a ɓangarorin biyu, a kuma zagaye kusurwoyinsa don kada su ɗago.

Idan tayar kanta ta yage

Sabon tif ba ya maganin yagaggiyar taya, domin iska za ta turo shi ta wurin yagewar ya sake fashewa.

Abin yi shi ne a shimfiɗa wani abu mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa a cikin tayar, tsakaninta da tif. Yankin tsohuwar taya ya fi komai, sai guntun buhu ko ƙyalle mai kauri da aka ninka.

A ƙasashen Turai masu keke kan ninke takardar kuɗi su sa a wurin. A Nijeriya kuwa dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta wulaƙanta naira, don haka gara a nemi wani abin.

Bayan wannan gyara akan rage iska kaɗan, a tafi sannu zuwa gari mafi kusa a sayi taya.

Idan kuma komai ya ƙare, babu tif babu sholisho, akwai dabarun ƙarshe guda biyu. Ana iya yanke tif ɗin a daidai hujin a ƙulle bakunan biyu tamau a ba shi iska, ko a cusa busasshiyar ciyawa da tsummoki a cikin tayar har ta cika.

Keken zai riƙa tsalle, tafiyar kuma ba daɗi, amma ta fi turawa, kuma tana kare gargare.

Sababbin dabaru

Kamfanoni sun daɗe suna neman maganin faci. Akwai tayoyi masu shimfiɗar kariya a ƙarƙashin tafinsu, wasu da roba mai kauri, wasu da zaren Kevlar, wanda masaniyar kimiyya Stephanie Kwolek ta gano a 1965, kuma ake yin rigar sulke da shi.

Akwai kuma tayoyi marasa tif, waɗanda ake zuba wa wani ruwa mai danƙo da ke toshe ƙananan huji da kansa. Suna aiki sosai a ƙasar ƙaya, amma ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, suna da tsada, kuma da wuya a sami kayansu a wajen manyan birane.

Ga mai ƙaramin ƙarfi akwai tsohuwar dabara. A sami tsohuwar taya mai girma ɗaya, a yanke bakunanta biyu masu waya, a shimfiɗa ta cikin sabuwar. Keken zai ƙara nauyi, amma yawancin ƙaya ba za ta ratsa biyun ba.

Waɗanda suka yi nisa

Tafiye-tafiyen da aka yi a 'yan shekarun nan sun nuna irin nisan da keke kan kai mutum.

A shekarar 2010 wasu matasa biyu 'yan Afirka ta Kudu, Nathim Cairncross da Imtiyaz Haron, sun tashi daga birnin Cape Town a watan Fabrairu, suka shafe kusan watanni tara a hanya, tafiyar kusan kilomita 11,000, kafin su isa Saudiyya domin aikin Hajji.

Sun shaida wa manema labarai cewa gyaran da suka yi ta yi a hanya bai wuce sauya taya da tif da gyaran kaca ba.

A watan Disambar 2022 kafofin yaɗa labarai sun ba da labarin Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya tashi daga Jos a kan keke ya isa Saudiyya.

A 2023 kuma wani matashi ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,000 a kan keke ta Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar zuwa Chadi, da burin yin karatu a Jami'ar Al-Azhar.

Daga Chadi wasu bayin Allah suka biya masa kuɗin jirgi saboda yaƙin Sudan, ya isa Alƙahira a watan Satumba, jami'ar kuma ta ba shi gurbin karatu kyauta.

Babu ɗayansu da ya tafi da motar gyara a bayansa. Abin da ke cikin jakarsu da abin da hannunsu ya iya, su ne suka raka su tsakanin gari da gari.

Ga wanda zai tashi daga Kamazou zuwa Kachia ko Zariya ko Kano, shawarar ba ta da tsawo. Ya zauna wurin mai gyaran keke na unguwa kafin ranar tafiya, ya kwance ƙafar baya da hannunsa ya mayar, ya yi faci guda ko biyu a gabansa.

Ya tashi da sassafe, ya tambayi direbobi da mutanen gari halin da hanya ke ciki, ya kuma ware aƙalla sa'o'i biyu a lissafinsa saboda faci, ta yadda ko ya tsaya sau biyu zai isa masauki da sauran rana.

Mai faci na bakin titi yana nan a kowane gari, kuma aikinsa na da amfani. Amma a tsakanin garuruwan, kamar yadda masu iya magana ke cewa, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.